WURIN NAKASASSU A BAKIN KASUWA: DOKA TA BA SU, WA ZAI TSARE MUSU?

Kowace shekara, ranar 31 ga watan Yuli, ƙasar Nijar takan yi bikin ranar nakasassu ta ƙasa, ranar 3 ga watan Disamba kuma ta bi sahun sauran ƙasashe domin bikin ranarsu ta duniya. A ranakun nan biyu akan kafa rumfa, a jera kujeru, a ba makafi da guragu da kurame sahun gaba, magabata su yi jawabi. To, amma in kashegari ta faɗa ranar kasuwa, gurgun da ya zauna a sahun gaba jiya shi ne za a tarar da kekensa can bayan layin amalanke, yana neman ta inda zai kutsa ya shiga. Ba doka ce ta hana shi ba, domin doka tana gefensa. Abin da ya rasa shi ne mutumin da aka ɗora wa nauyin tsare masa wurinsa.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A ƙasashen Turai da Amurka, inda jama'a ke zuwa manyan kantuna da motocinsu, doka ta wajabta a keɓe wa nakasassu wuraren ajiye mota daf da ƙofar shiga. Ana gane wurin da alamar nan ta farin mutum bisa keke a cikin shuɗin fili, wadda wata ɗaliba ƴar ƙasar Denmak, Susanne Koefoed, ta fara zanawa a shekara ta 1968. A Faransa, kashi 2 cikin 100 na wuraren ajiye mota na kowane ginin da jama'a ke shiga nasu ne, kuma faɗin kowane wuri mita 3 da santimita 30, domin ƙofar mota ta buɗe gaba ɗaya a sauko da keke. Wanda ya tsaya a wurin ba tare da kati ba, tararsa Yuro 135, watau sama da jika 88 na kuɗin Sefa. A Amurka, ƙa'idar da ta biyo bayan dokar shekara ta 1990 ta ce a ƙaramin filin ajiye motoci, cikin kowane wuri 25 ɗaya na nakasassu ne.

Duk da haka kukan nakasassun waɗannan ƙasashe bai ƙare ba, kuma a bakin manyan kantuna ya fi yawa. Wani lafiyayye yakan tsaya ya ce minti biyu kawai zai yi. Wani yakan ari katin mahaifiyarsa ya liƙa a gilashi alhali tana gida. Babban dalilin da ya sa abin ya ƙi ƙarewa shi ne filin kanti ba hanyar gwamnati ba ne, mallakar mai kanti ne. A Ingila, shuɗin katin nakasassu a kan titunan hukuma yake aiki. A filin kanti kuwa sai abin da mai kanti, ko kamfanin da ya ɗauka, ya ga dama. A Faransa ma, ɗan sanda ba ya rubuta tara a irin wannan fili sai in magajin gari ya riga ya sa hannu bisa takardar da ta keɓe wuraren. Mai kanti kuwa ba ya son faɗa da mai saye, ko da mai sayen ne ke da laifi. Saboda haka sai a wayi gari ga fenti a ƙasa, ga allo a tsaye, amma babu mai tsaro.

Maƙwabciya Najeriya ta bi wannan hanya. A watan Janairu na shekara ta 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu bisa dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta tanadi keɓaɓɓun wurare a filayen ajiye motoci, da tara ga wanda ya shiga ba bisa ƙa'ida ba. An ba masu gine-gine wa'adin shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024, ƙungiyoyin nakasassun ƙasar kuwa ba su daina kukan rashin aiki da dokar ba.

Babban kantin talaka

Mai karatu a Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji yana iya cewa wannan magana ta masu mota ce, ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi ƙwarai. A waɗannan gundumomi uku na jahar Maraɗi babban kanti shi ne kasuwar mako. Nan manomi ke kawo gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya, nan masu sana'ar kaba na Gulbin Kaba ke kawo tabarmi da igiya, nan uwargida ke sayen gishiri da sabulu na mako guda. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agye da Gazawa, shi ya sa ranar kasuwa manyan motocin ɗaukar hatsi, da motocin fasinja, da amalanken shanu da na jakuna, da ƴan kabu-kabu, duk sukan taru wuri guda, kowa yana son ya fi kowa kusa da ƙofa.

A cikin wannan turereniya, mai ƙafa yana iya ratsawa tsakanin amalanke biyu. Mai keken guragu ba ya iyawa. Kekensa yana buƙatar hanya mai faɗi da ƙasa mai ƙarfi, domin da zarar ƙafafunsa sun nutse cikin rairayi, ƙarfin hannu ba ya fitar da su sai an turo. Makaho kuwa da ƙwaƙwalwa yake riƙe hanya: ya san inda ƙofa take, ya san taku nawa ne zuwa rumfar da yake nufi. Babur ɗaya da aka gicciye a bakin ƙofa ya isa ya ɓatar da shi, salansa mai zafi kuma ya isa ya ƙone shi. Mai sanduna biyu da aka sauke nesa da ƙofa, kafin ya iso ya gaji, balle ya koma da kaya. Abin da lafiyayye ya ɗauka ɗan jinkiri, ga waɗannan mutane asarar cinikin mako ne.

Kuma ba ƴan kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta sami nakasassu 715,497 a Nijar, watau kashi 4.2 cikin 100 na al'umma, mutum 42 ke nan cikin kowane 1,000. A shekarun 2003 da 2004, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya, ciwon ya bazu har cikin Nijar. Ranar 25 ga watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar ciwon, amma yaran da ya shanye wa ƙafafu a wancan lokaci yanzu sun haura shekara 20. Cikinsu akwai tela, da mai gyaran takalma, da mai gyaran wayar salula, da mai tireda. Akwai kuma waɗanda suka warke daga kuturta, ciwon da asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ya daɗe yana magani, da waɗanda haɗarin babur ya karya, da tsofaffin da ƙafa ta gaza.

Abin da doka ta ce

Nijar ba ta rasa doka ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 bisa kare nakasassu, aka yi mata gyara a shekara ta 2010. Dokar ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ce hanyoyi da gine-ginen da jama'a ke shiga a tsara su yadda nakasasshe zai iya isa. Ranar 24 ga watan Yuni na 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙin nakasassu, wadda aya ta 9 a cikinta ta faɗi a fili cewa wannan haƙƙi na birni ne da karkara baki ɗaya. Ranar 10 ga watan Disamba na 2019 kuma aka kafa sabuwar doka mai lamba 2019-62 bisa shigar da nakasassu cikin al'amuran ƙasa.

In haka ne, me ya hana dokar sauka daga takarda zuwa bakin kasuwa? Da farko, doka magana ce ta gaba ɗaya. Ba ta san ƙofar gabas ta kasuwar wani gari ba. Sai hukumar wurin ta fito ta nuna, ta kafa alama. Muddin ba a shata wuri ba, ba wanda za a ce ya keta.

Na biyu, bakin ƙofar kasuwa kuɗi ne. Mai tuyar ƙosai tana son sa, ɗan kabu-kabu yana son sa domin nan fasinja ke fitowa, direban babbar mota yana son sa domin rage wa ƴan dako tafiya. Dukansu suna biyan tikiti, dukansu suna da baki. Mai karɓar tikiti kuwa, kamar mai kantin Turai, ba ya son ɓata wa wanda ke biya.

Na uku ya fi sauran zurfi. Mutane da yawa, in suka ga gurgu ko makaho ya nufo kasuwa, bara kawai suke zato. Sai a nuna masa gefen ƙofa ya zauna ya miƙa hannu, ba wanda ya tuna cewa mai yiwuwa igiya ya kawo sayarwa, ko yadi ya zo saye. An ba shi wurin zama, an hana shi hanyar wucewa. Wanda ya tare ƙofa da babur ɗinsa yana iya jefa masa sadaka ya tafi da zuciya fara, bai san ya hana shi abin da ya fi sadakar ba.

Wa ke da alhaki?

Kasuwa tana hannun ma'aikatar magajin gari. Ita ke raba rumfuna, ita ke karɓar kuɗin tikiti, dokar ƙananan hukumomi ta shekara ta 2010 kuma ta ba shugabanta ikon tsara zirga-zirga da tsabta a cikin gari. A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisu, aka naɗa masu riƙon ma'aikatun, amma kasuwa ba ta tashi ba, tikiti kuma bai tsaya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ke karɓar kuɗin wuri, ita ce za ta tsare wurin.

Aikin kuwa bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, daga Tibiri da Cadakori har Caduwa da Gangara. Takarda ɗaya mai sa hannun shugaban hukuma ta isa ta keɓe wuri a ƙofa ɗaya ta kowace kasuwa da kowace tasha. Turaku huɗu, da allo mai alama da rubutun Hausa, da ƴan amalanken jan ƙasa da za a zuba a daddaɓe har zuwa layin rumfuna na farko, su ne kayan aikin. Kada a zaɓi ƙofar a cikin ofis: a kira sarkin guragu da sarkin makafi da wakilan tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, su da ke bin hanyar su nuna inda ta fi sauƙi. Sa'an nan, abin da ya fi kome muhimmanci, a ambaci sunan mai tsaro. Sarkin kasuwa da sarkin tasha da mai karɓar tikiti suna wurin tun hantsi har la'asar sakaliya. A ɗora wa ɗayansu nauyin a rubuce, shugaban ƴan kabu-kabu ya zama shaida.

A nan gundumomin nan sun fi biranen Turai sa'a da abu ɗaya. Can sai da kati ake gane mai haƙƙi, shi ya sa ake aron kati. A garin da aka san juna, mai tsaro ya san wane ne gurgu, ya san wace ce makauniya, ya san ɗan kabu-kabun da ya kawo ta zai sauke ta ya wuce. Tara kuma ba sai ta yi yawa ba; ƙaramar tara da ake karɓa kowane lokaci, da rasiɗi, ta fi babba wadda ake yafewa in an san mutum. Kuma motar hukuma ita ce ta farko da za ta kiyaye, domin ranar da aka ga motar wani babba cikin turakun nan, daga ranar ba wanda zai ƙara jin maganar mai tsaro.

Haka nan ga sababbin gine-gine. Gazawa, wadda aka cire daga Agye aka mai da ita gunduma a shekara ta 2011, da sauran garuruwan da ke bunƙasa, za su ci gaba da gina ofisoshi da ɗakunan shan magani da shaguna. Zuba gangaren siminti a bakin ƙofa lokacin gini ya fi fasa matakala daga baya araha. Ma'aikacin da ke karɓar gini daga hannun ɗan kwangila yana da ikon ƙin sa hannu har sai an yi shi, kuma in an yi, kada a bari ya zama wurin jingine babura.

Wani zai ce yankin yana da damuwar da ta fi wannan: ga matsalar tsaro a kan iyaka, ga dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da gundumar Gidan Rumji ta karɓa tun shekara ta 2019, ga tsadar hatsi lokacin bazara. Gaskiya ne. Amma wahala in ta zo, wanda ba ya iya gudu ta fi kamawa, kuma duk nakasasshen da aka hana isa kasuwa, cinsa da shansa sun koma wuyan danginsa, ko kuwa ya kama hanyar bara zuwa Maraɗi ko Kano. Gyaran da ke mai da mai karɓa ya zama mai nema, a lokacin ƙunci ya fi amfani.

Masu shela ranar kasuwa, da gidajen rediyon karkara, da malaman yaƙi da jahilci suna iya kai wannan bayani ko'ina cikin mako guda. Ranar 31 ga watan Yuli mai zuwa kuwa, in an taru a ƙarƙashin rumfa, ya kamata shugaban kowace gunduma ya tambayi ƙananan hukumominsa abu biyu a gaban jama'a: kasuwa nawa aka keɓe wa nakasassu wuri, kuma wane ne aka ɗora wa tsaronsa.