Hanyar Allura

Tun shekarar 1952, sa'ad da malaman jami'ar MIT ta Amurka suka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai bin umarnin lambobi, hikimar wannan fanni tana ga tsara hanyar da bakin injin zai bi: inda zai shiga, zurfin da zai ci, da inda zai ɗaga. Haƙiƙa ilmin ya iso gare mu ta ƙofar ɗinki, domin telan Ruwan Godiya da ya kai shadda Funtuwa a yi mata aikin kwamfuta, hanyar allura ya saya. Sai dai a ganina, injin ɗinkin kwamfuta, duk da saurinsa, bai san inda yadi ke tattarewa ba, alhali mai ɗinka aska takwas da hannu ya san haka tun yana gaban maigidansa.