Kaɗa Hannu Ba Harbi Ba Ne

Daga wani ɗalibin Aji Biyar

Tun ran da muka komo daga dogon hutu gardama ba ta ƙare ba a ɗakin kwananmu, kullum bayan an tashi daga karatun dare. Abin da ya jawo ta kuwa wani wasan bidiyo ne da ake kira Skyrim, wanda na yi sati uku ina yi a gidanmu can Doguwa, a na'urar yayana, ɗan kawuna da ke aiki a Kano. Abokina mutumin Kiru, wanda shi ma ya taɓa yin wasan, ya ce babu abin da ya kai shi daɗi, domin da hannunka kake sara, da hannunka kake harbi. Abokina na Bebeji kuwa cewa ya yi duk aikin banza ne. To, ni ma ga nawa ra'ayin.

Bari in fara da bayanin wasan domin wanda bai san shi ba. Wani kamfani ne na Amurka mai suna Bethesda ya fito da shi ran 11 ga Nuwamba, 2011. Labarin wata ƙasa ce ta almara mai duwatsu da dusar ƙanƙara. Za ka fara kana ɗaure cikin keken doki, ana kai ka wani gari, Helgen, a sare maka kai. Kafin hauni ya sauke gatari sai wani dodo mai fukafukai mai aman wuta, wai shi Alduin, ya afka wa garin, kai kuwa ka sami hanyar tsira. Daga nan ƙasar duka taka ce. In ka ga dama ka bi labarin dodon, in ka ga dama ka shiga daji farauta, ko ka koyi ƙira, ko ka gina gida. Ba mai ce maka bi nan ko bi can.

Ran 17 ga Nuwamba, 2017, aka mayar da wasan kan Nintendo Switch, na'urar da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a watan Maris na shekarar. Ita wannan na'ura tana da 'yan mariƙai biyu da ake kira Joy-Con, ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. A cikinsu akwai wasu ƙananan abubuwa masu jin motsin hannu da karkatarsa. Sabo da haka in ka kaɗa hannun dama sai jaruminka ya kai sara da takobi, in ka ɗaga na hagu ya kare da garkuwa, in ka karkata hannu ka saita kibiya. Wannan shi ne abin da ya ruɗi abokina na Kiru. Ni ma ya ruɗe ni kwana biyun farko, har ran da Kakana ya shigo zaure ya tarar da ni ina ta dukan iska.

Kakana tsohon maharbi ne. Har yanzu kwarinsa da bakansa suna rataye a ɗakinsa, ko da yake ya daɗe da barin daji. Ya tsaya yana kallona, sa'an nan ya ce, "Kai abokina, aljanu ne suka hau ka, ko sauro kake kora?" Na ce, "Kaka, farauta nake yi. Zo ka gwada, mu ga ko tsufa ya bar maka wani abu." Na ɗora masa mariƙan a hannu, na nuna masa wata barewa a allon, na koya masa inda zai danna. Ya saita, ya saki, barewa ta faɗi. Na yi tsammani zai yi murna. Sai ya miƙo mini abina, ya shiga ɗaki ya ɗauko bakansa, ya ce, "Ja wannan." Na ja tsirkiya da iyakar ƙarfina, ban kai ta ko rabi ba kafaɗata ta soma rawa. Ya yi dariya ya ce, "Bakan da ba ya ja da kai, ba baka ba ne. Barewar taka ma ko ƙafa ba ta sa ka yi ba, ba ka bi sawu ba, ba ka sha rana ba."

Tun daga ran nan na soma lura, na kuwa ga gaskiyarsa. An ƙera wasan nan ne tun farko domin danna maɓalli, shekara shida kafin a liƙa masa kaɗa hannu. Saran da jarumin ke yi, masu wasan sun riga sun zana shi. Motsin hannunka izini ne kawai yake bayarwa, kamar yadda maɓalli ke yi. Takobin ba shi da nauyi, garkuwar ba ta jin duka. In faɗa ya yi zafi, abokan gaba uku suka taso maka, sai ka ga kana kaɗa hannu na'urar tana jinkirin fahimta, kafin ka ankara an kashe ka. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: wajen saita kibiya karkata hannu ya fi sauƙi, wajen buɗe kwado kuma akwai daɗi, domin kana murɗa hannu kamar mai murɗa mabuɗi. Amma a sati na biyu na kashe sauran, na koma wa maɓalli. Kaɗa hannu a wasan nan yaji ne, ba shi ne tuwon ba.

To, ashe abokina na Bebeji ke da gaskiya? A'a, shi ma bai faɗi daidai ba. Wasan da shugaban masu ƙera shi, Todd Howard, ya ce a 2023 an sayar da fiye da miliyan 60, lalle akwai abin da mutane suka gani a cikinsa. Abin nan kuwa shi ne yawo. Ka hango dutse can nesa, ka ce bari in je, ka kuwa je ka hau. A hanya ka tarar da kogo, ko tsohon kango, ko wani littafi da aka yar. Na kuma ƙaru da Turanci ƙwarai, gama duk maganar cikinsa sai ka karanta ko ka saurara ka gane kafin ka san abin yi.

Sai dai inda daɗin yake, nan haɗarin yake. Wasan langa yana da ƙarshe, ƙwallo ma alƙali yakan hura tashi. Wannan kuwa ba ya ƙarewa. Ka gama aiki ɗaya, uku sun tsiro. Ranar da Baba ya aike ni in kai wa masu aiki abinci gonar masara, na ce bari in ƙarasa kogo ɗaya tukuna, ban fita ba sai da azahar ta gota. Mutane suka yini da yunwa, Baba ya ji kunya, ni kuma na sha faɗan da ban manta ba. Aikin lissafin da aka ba mu na hutu, a mota na yi rabinsa, tsakanin Tudun Wada da Kwanar Ɗangora. Ban da wannan, a jikin kwalin an rubuta cewa na 'yan shekara 17 ne zuwa sama, saboda zubar da jini da shan giya da ke ciki, ga kuma tsafi da gumaka a labarin. Ni kuwa shekarata 16. Ban gani ba sai da na gama. Wanda zai miƙa wa ƙanensa irin wannan, ya duba kwali tukuna.

Abin da ya fi damuna kuwa, ran komowa makaranta ya same ni. Motarmu ta ratsa dajin Falgore, wanda tun ina ƙarami nake ratsawa, sai na tarar ban san sunan ko rafi ɗaya a cikinsa ba, alhali kuwa ina iya zana hanyar Whiterun zuwa Riften da ka. Duwatsun Riruwai, inda aka yi ta haƙar kuza, a ƙaramar hukumarmu suke, ban taɓa hawansu ba. Kogin Kano ya bi ta Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Abokina na Bebeji a kusa da ita ya girma, amma bai iya gaya mini wannan ba, a aji muka ji. Su masu Skyrim daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai suka ɗebo dodanninsu da jarumansu. Mu ba mu da Gizo da Ƙoƙi ne? Ba mu da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura? Me zai hana wani daga cikinmu, masu zama ɗakin kwamfuta kowane mako, ya koyi wannan sana'a, wata rana ya ƙera wasan da za a hango dutsen Riruwai a ce bari in je?

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kada wanda ya matsa wa iyayensa su sayi na'ura mai tsada domin kaɗa hannu kawai, gama zai gaji da shi kafin sati biyu. Wanda shekarunsa suka kai, ya kuma sami aro lokacin hutu, ya yi wasa bayan ya gama aikin gida da salla, ya yanka wa kansa lokacin tashi tun kafin ya zauna. Ni dai na riga na yi wa Kakana alkawari, hutu mai zuwa zai koya mini jan tsirkiya da gane sawun dabba, in ya so abokina na Kiru ya zo ya ga bambanci.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.