Suna Linzami Ne, Amma Ba Shi Ke Ɗaukar Hoto Ba

Duk wanda ya shiga shagon masu sayar da ƙananan kyamarori na sakawa a aljihu zai ga rubutu zagaye da gilashin gaba, wanda za mu kira idon kyamara: Tessar, Sonnar, Summilux, Elmarit da makamantansu. Mai shago zai ɗora yatsa a kan sunan ya ce, "Yallaɓai, wannan aikin Jamus ne," daga nan sai farashi ya tashi. A wannan zamani da dala ke wasa da aljihun kowa, bai kamata ɗalibin aikin jarida ko mai ɗaukar hoton biki ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa a kan kalmar da bai san ma'anarta ba.

Sunayen nan suna da asali. Idon kyamara gilasai ne da dama da aka jera, kowanne yana gyara kuskuren ɗan'uwansa wajen lanƙwasa haske. Kamfanin Zeiss na Jamus ya saba raɗa wa kowane irin jeri sunansa. Paul Rudolph ya ƙirƙiro Planar a 1896 da gilasai shida, sannan ya fito da Tessar a 1902 da gilasai huɗu kacal. Sunan ma daga kalmar Girkanci mai nufin huɗu aka samo shi. Tessar ya yi farin jini saboda ƙanƙanta da sauƙin kuɗi da kaifin hoto, sai dai ba ya zuƙar haske da yawa. Wannan giɓin ne Ludwig Bertele ya cike da Sonnar, wanda aka ciro sunansa daga kalmar Jamusanci mai nufin rana, domin yana iya aiki ko da haske ya yi ƙaranci.

Kamfanin Leica kuwa wata hanya ya bi. A wajensa sunan yana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga: Elmarit na f/2.8, Summicron na f/2, Summilux na f/1.4. Wato suna guda a wajen Zeiss labarin gini yake bayarwa, a wajen Leica kuma labarin haske. Nikkor da Fujinon ba su faɗin ko ɗaya daga ciki. Suna dai shaida cewa Nikon ko Fujifilm ne ya ƙera.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar Vario, wadda ake maƙala wa idon da ke zuƙo abu daga nesa. Irin wannan ido yana buƙatar gilasai masu motsi fiye da na ainihin tsarin 1902, saboda haka Vario-Tessar da ke kan ƙaramar kyamarar Sony sunan gado ne ya ci, kamar jikan da aka raɗa wa sunan kakansa. Haka nan idanun da ke ɗauke da sunan Leica a kyamarorin Lumix, Panasonic ne ke ƙera su bisa ƙa'idojin ingancin da Leica ya amince da su. Wannan ba ha'inci ba ne, yarjejeniya ce a fili, kuma da yawansu nagari ne. Amma mai saye ya sani cewa tambari ya saya tare da alkawarin inganci, ba lallai kayan da aka haɗa a Jamus ba.

To, me ya kamata a duba? Lambobi uku ne, kuma ba su iya ƙarya.

Ta farko ita ce lambar f. Ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofa, kuma daga f/2.8 zuwa f/4 hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. A lura cewa idon zuƙowa galibi lambobi biyu yake da su. Sony RX100 ta farko, wadda ta fito a 2012, an rubuta mata f/1.8-4.9. Idan ba a zuƙo ba tana ganin dare sosai, amma da an zuƙo har ƙarshe sai hasken ya ragu fiye da ninki bakwai. Mai talla lambar farko yake faɗa da ƙarfi. Mai ɗaukar hoton kamu ko walimar dare, ta biyun ce za ta ba shi kunya.

Ta biyu ita ce milimita, wadda ke nuna faɗin abin da ido ke kwasowa. Bisa ma'aunin da aka saba kwatantawa da shi, 24 zuwa 28 na ɗaukar taro a ƙuntataccen ɗaki, 35 zuwa 50 ya yi kusa da ganin ɗan'adam, 100 zuwa sama kuma shi ke kawo mahayin doki kusa a hawan Sallah. Kada a ruɗu da zuƙowar dijital: yanke hoton kawai ake yi a kumbura shi, gilashi bai motsa ba.

Ta uku ita ce girman allon da ke karɓar hasken a bayan ido. Wanda ake kira na inci ɗaya faɗinsa milimita 13.2 ne, tsayinsa 8.8, kuma ya ninka na kyamarori masu araha kusan sau huɗu. Kyamarar da ke taƙama da zuƙowa ninki 30 galibi ƙaramin allo gare ta, shi ya sa hotonta ke yin dishi-dishi da magariba ta yi. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ƙwararru ke zaɓar Fujifilm X100 ko Ricoh GR, waɗanda ba su zuƙowa ko kaɗan amma allonsu babba ne.

Akwai kuma abin da takardar kamfani ba za ta faɗa ba. Idon da ke fitowa yana komawa yana iya jawo ƙura ciki, kuma mun san abin da hunturu ke yi a ƙasar nan. Wanda zai sayi ta hannu ya haska tocila cikin gilashin ya nemi ƙarzuwa ko fumfuna, ya zuƙo ya mayar sau da yawa yana sauraron ƙara, sannan ya ɗauki hoton farin bango ya duba ko akwai ɗigo. Mai shagon da ya hana wannan gwaji, cinikin biri a sama yake so a yi da shi.

Kafin a tambayi sunan ido, a fara tambayar kai: hoton me zan riƙa ɗauka, da rana ko da dare, kusa ko nesa? Amsar ita za ta nuna lambobin da ake buƙata. Idan kyamara biyu suka yi kunnen doki a lambobi da farashi, a nan ne suna zai raba gardama. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma sai an san inda nagartar take.