SHARHI: Sankarar Mama: Saƙon Bai Kai Ga Masu Buƙatarsa Ba

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, titunan Abuja da na wasu manyan birane kan cika da masu tattaki sanye da riguna ruwan hoda, domin wayar da kai kan cutar sankarar mama. Akan yi jawabai, a ɗauki hotuna, sannan a watse sai baɗi. Ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, amma alƙaluma na nuna cewa saƙon bai isa kunnen matan da suka fi buƙatarsa ba.

Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, fiye da 16,000 kuma ta yi ajalinsu. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 9 cikin 10 kan wuce shekara biyar a raye bayan an gano cutar. Babban abin da ya raba su da matan ƙasar nan shi ne lokaci, domin akasarin masu cutar a Najeriya kan isa asibiti ne bayan ta riga ta yi nisa.

Dalilan jinkirin ba ɓoyayyu ba ne. Ƙullutun sankara a farkonsa yawanci ba ya ciwo, don haka mace kan share shi. Idan ta damu, kunya kan hana ta nuna wa likita namiji. A garuruwa da dama har yanzu ana riƙe da camfin cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, sai a shafe watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ga tsoron yanke mama da abin da zai haifar a ɗakin aure, ga kuma kuɗin mota da na gwaji da sau da yawa ke hannun maigida. Allon talla da aka rubuta da Turanci a tsakiyar birni ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli.

Abin da ya kamata kowace mace ta ji da harshenta bai da yawa. Ta san yadda mamanta yake, ta riƙa duba shi duk wata. Idan ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga kan mama ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, ko fata ta lotsa ko ta yi kama da ɓawon lemo, ta nufi asibiti ba tare da jira ba. Ta kuma san cewa yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, gwaji ne kaɗai ke tantancewa, kuma wadda aka gano da wuri tana warkewa. Maza ma kan kamu, duk da cewa ba kasafai ba.

Sai dai ilimin da ba a haɗa shi da hanya ba, fargaba kawai yake ƙarawa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya buƙaci a gano kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 su kai ƙarshen magani. Gwamnatin Tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu fama da sankarar mama, wanda ya fara aiki a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mata nawa ne a karkara suka taɓa jin labarinsa?

Ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da cibiyar NICRAT, wadda aka ɗora wa alhakin yaƙi da cutar daji, su samar da bayanai da Hausa, Yarabanci, Ibo da sauran harsuna, a riƙa watsa su a rediyo tsawon shekara. Jihohi su horar da ungozoma da ma'aikatan lafiya mata na asibitocin matakin farko su duba mama a lokacin awo da ranar rigakafin yara, tare da sanin inda za su tura wadda aka ga alama a jikinta. Limamai, fastoci da masu unguwanni su fuskanci magidanta, domin izini da kuɗin mota na daga cikin magani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da matar ƙauye ta ji ƙullutu da safe ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa kafin azahar, ranar ce za a iya cewa wayar da kai ta yi aikinta.