Kafin a huda bangon tsohon gida

Wata sabuwar al'ada ta shigo garuruwanmu. Da zarar magada sun karɓi tsohon gidan mahaifinsu a Birnin Damagaram, ko a tsoffin unguwannin Maraɗi da Tawa, kuma Allah ya hore wa ɗayansu abin hannu, shawarar farko da ake zama a kanta ita ce ta na'urar da za a saka. Mai matsakaicin ƙarfi yana son kilimatizer a kowane ɗaki. Wanda ya zaga duniya kuwa yana mafarkin abin da ya gani a Faransa ko Amurka, wato injin guda babba da ke tura iska ta bututu zuwa ɗakunan gida duka, sanyi a bazara, ɗumi a hunturu. A ganina an fara maganar ta baibai. Tsohon gidan ƙasa shi kansa na'urar sanyi ne, kuma wanda bai gyara wannan na'ura ta farko ba, kuɗin da zai kashe a kan ta biyu zuba ruwa ne a kwando.

Mu fara da asalin abin da ake tallata muna. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya ƙera na'urar farko ta wannan iri, domin wata maɗaba'a a birnin New York wadda danshi ke ɓata mata takarda. Daga masana'antu ta shiga gidajen silima, daga baya ta shiga gidajen kwana. Tsarin bututun nan an yi shi ne domin gida rufaffe: ɗakuna duka ƙarƙashin rufi ɗaya, tagogin gilashi da ba su barin iska ta tsere, bango mai rigar kariya a ciki, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Ko a can ɗin, idan mai tsohon gida ya kira gwani, abin da ake fara gaya masa shi ne ya toshe kafofin rufi da na tagogi, a auna girman ɗakuna, sannan a yi maganar injin, saboda injin da ya fi ƙarfin gida yana cin wuta a banza, wanda ya gaza kuma yana aiki dare da rana har ya mutu.

To, ina kamar wannan gida da namu? Gidan Bahaushe zaure ne da shigifa da tsakar gida, ga turaka can, ga ɗakunan mata nan, kowane da ƙofarsa a buɗe. Rayuwa a tsakar gida ake yin ta: daka, girki, hira, har kwana a lokacin zafi. Bututun da zai haɗa waɗannan ɗakuna sai ya ratsa fili cikin rana, ko ya huda bango biyar. Idan an gama wannan ɓarna, injin zai riƙa sanyaya ɗakuna shida alhali mutanen gidan suna zaune a gindin bedi.

Magabata ba su san lantarki ba, amma sun san ƙasa. Bangon tubali mai kaurin rabin mita yana shan zafin rana a hankali, kuma zafin da ya bugi bayansa da hantsi ba ya isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da dare ya yi, iska ta sauya. Rufin soro, da azara da ƙasar da aka tula a kai, yana yin wannan aiki daga sama. Bakan gizo yana ɗaga rufi, iska mai zafi ta hau ta bar mai zama a ƙasa. Tagogi ƙanana ne, an ɗora su sama, ba su fuskantar ranar yamma. Itacen tsakar gida yana ba bango inuwa, randa tana sanyaya ruwa da zufar jikinta. Duk wanda ya taɓa shiga zauren fadar Damagaram da azahar cikin watan Afrilu ya san abin da nake faɗi, jikinsa ya ba shi labari tun kafin ya sami wurin zama.

Mu ne muka lalata wannan tsari da hannunmu. Muka sauke soro muka buga kwano, wanda da tsakar rana ba ya taɓuwa, yana zubo zafi a ka kamar murfin tukunya. Muka sare itacen tsakar gida saboda ganye yana sa shara. Muka malale fili da siminti, ya yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita. Muka faɗaɗa tagogi domin gida ya yi kama da na bariki. Mafi muni, muka yaɓe bangon ƙasa da siminti, muna cewa mun huta da yaɓen shekara-shekara. Ƙasa da siminti ba su riƙe juna. Siminti yana tsagewa, ruwan damina ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya riƙa cin bangon ta ciki, mai gida yana kallon fenti yana murna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan duk wannan sai mu ce gidan ƙasa zafi gare shi, mu tafi kanti neman injin da zai biya bashin da muka ci.

Injin kuma da nasa bashin. Kilimatizer na ɗaki guda, matsakaici, yana jan wajen kilowat ɗaya. Fankar sama ba ta kai kashi ɗaya bisa goma na haka ba. Malamin makaranta ya ɗauki alli ya lissafa: sa'a takwas kowane dare, kwana talatin, a ɗakuna huɗu, sannan ya ajiye sakamakon kusa da takardar albashinsa. Akwai kuma ruwan da na'urar ke ɗigarwa. Idan aka bar shi yana sauka a gindin bangon ƙasa wata da watanni, ya fi damina ɓarna, domin damina tana ɗaukewa, shi ba ya ɗaukewa. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga gas da ke tsiyayewa, ga mai gyara da za a yi ta kira.

Wutar da za a dogara gare ta fa? Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarki saboda takunkumin CEDEAO, alhali a wancan lokaci kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasarmu daga can take zuwa. Ba a maido da ita ba sai a farkon 2024. A cikin waɗannan watanni an ga bambanci: mai ɗakin siminti da kwano ya fito da tabarma waje yana fifita, na'urarsa tana rataye a bango kamar hoto, mai soro kuwa ya yi barcinsa. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta ya mai da mai shi bawan wayar lantarki. Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2018 cewa na'urorin sanyi da fankoki suna cin wajen kashi 10 cikin 100 na lantarkin duniya baki ɗaya. Ƙasashen da ke da madatsun ruwa da tashoshin nukiliya suna kuka da wannan nauyi, balle mu.

Na san abin da za a mayar mani, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce zafin yau ya wuce na zamanin kakanni. Haka ne: a farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48,5 a garin Kayes na Mali, kuma tsofaffi da marasa lafiya da yawa sun rasu a Sahel cikin waɗannan kwanaki. Za a ce kuma ginin ƙasa yana faɗuwa. Wannan ma haka ne: daminar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta rushe dubban gidaje, har tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Ba ni cewa a hana tsoho mai hawan jini ko jariri ɗaki mai sanyi da sunan al'ada. Amma ƙaruwar zafi hujja ce ta riƙe bango mai kauri, domin shi ne ke tsayawa ranar da wuta ta tafi. Faɗuwar gini kuma tana tuna muna cewa ginin ƙasa yana son kulawa: gindi mai ƙarfi, indararo da ba ta toshe ba, magudanar ruwa a lungu, yaɓe kafin damina. Kilimatizer bai taɓa hana bango faɗuwa ba.

Wanda ke tsammanin wannan magana ta masu kewar jiya ce, ya je Yama cikin jihar Tawa ya ga masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ya wuce Dandaji ya ga aikin da ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kammala a 2018: tsohon masallaci ya koma ɗakin karatu, an gina sabo da bulon ƙasa matsattse, iska tana shiga tana fita da kanta. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin domin iska ta ratsa tsakani, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin. Tsohon birnin Agadas yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2013. Duniya tana zuwa koyon abin da muke kankarewa.

Ga yadda nake ganin ya kamata mai tsohon gida ya bi. Ya fara da rufi: idan soro ne, a gyara shi; idan kwano ya riga ya hau, a yi silin a bar sarari tsakaninsu da kafofin da zafi zai fita, a shafa wa kwanon farin fenti. Ya kankare simintin bango, ya nemi magini da ya san makuba da laso. Ya dasa itace ta yamma, ya yi rumfa, ya rufe tagogi da rana ya buɗe su da dare. Daga nan fanka. Idan ba ta isa ba, akwai na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙiyar tabarma, wadda ke aiki sosai a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, da wuta kaɗan, har farantin hasken rana yana iya ɗaukarta. Sai dai a bar taga a buɗe, a kuma ajiye ta idan damina ta sauka. Bayan duk waɗannan, idan akwai mai bukata, a zaɓi ɗaki ɗaya, wanda ya fi inuwa, a saka masa kilimatizer daidai girmansa, a ja ruwansa nesa da bango zuwa gindin shuka.

Maganar ɗumama gida gajeriya ce. Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, kuma bangon da ke hana zafi shiga shi ne ke riƙe ɗumin rana har asuba. Bargo da labule a ƙofa sun wadatar. Abin tsoro a nan kaskon garwashi ne a ɗaki rufaffe, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Wannan gargaɗi ya fi kowane injin ɗumi amfani, kuma kyauta ne.

Ya ku malamai ƴan uwana, da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, wani ɓangare na laifin yana wuyanmu. Shekara da shekaru muna koyar da yara cikin azuzuwan kwano, kuma a zukatansu ginin ƙasa ya zama alamar talauci. Muna shirya bukukuwan waƙa da kokowa, amma sau nawa muka gayyaci sarkin magina ya yi wa ɗalibai bayani? Ma'aunin zafi biyu sun isa darasi: a rataye ɗaya a soro, ɗaya a ɗakin kwano, yara su rubuta abin da suka gani kowace sa'a tsawon mako guda, da Hausa da Faransanci. Ƙungiyoyi kuma su zaga unguwanni su rubuta sunayen maginan da suka rage, su ɗauki maganarsu, su haɗa su da matasa masu son sana'a. Waɗannan dattawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da na ƙarshe ya tafi, ko mun so gyaran soro ba mu da wanda za mu kira.