Martani: Malam, a bar yara su caɓa laka

Na karanta rubutun da Malam ya yi yana caccakar makarantun nazare da ke barin yara suna wasa da laka da fenti, wai iyaye karatu suka biya wa kuɗi, ba wankin yunifom ba. Allah gafarta Malam, da wane hannu ɗan shekara 3 zai riƙe fensirin? Yatsu sai sun murza laka, sun damƙi jiƙaƙƙen yashi, sannan suke ƙwari. Dubi yarinya tana kwaɓa ƙasa a gwangwanin madara: ta zuba ruwa ya yi yawa, kwaɓin ya tsinke, ta ƙara ƙasa, ta sake juyawa da tsinke tana leƙawa. Awo take koya, ba tare da kowa ya ɗaga mata bulala ba.

Maria Montessori, likitar da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, haruffa masu kaushi ta tanadar wa yara, su bi su da yatsa kafin su kama alƙalami.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙorafin Malam cewa zanen yaran bai yi kama da komai ba. To, wa ya ce sai ya yi? Malama ta zana mangwaro, duk ajin su kwafa, a manna a bango don burge iyaye, ai aikin malamar aka nuna. Batun tsafta kam na yarda: a sa musu tsohuwar riga, a kula kada fenti ya kai baki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.