Aiki tukuna, sannan mota

A ƙasar Amurka akwai wata sana'ar tuƙi wadda ba ta bukatar gingimari, wato jigilar kayan gaggawa. Masana'antun ƙera motoci na jihohin Mishigan da Ohayo ba su tara kaya a sito. Ƙarfe guda in ya yanke musu, aiki na iya tsayawa cak. Nan take sai a nemi mai ƙaramar mota rufaffiya, irin wadda ake kira furgon, a ɗora masa kaya, ya kama hanya, wani lokaci tun daga Laredo, bakin iyakar Meksiko, har zuwa Ditroyit. Ana biyansa gwargwadon nisan da ya yi da kaya. Tafiyar da ya yi wayam, galibi daga aljihunsa take fita.

Yawancin masu wannan aiki motarsu ce, amma wani kamfani ne ke samo musu kaya, kamar FedEx Custom Critical ko Panther, dukansu na Ohayo. A nan sabon shiga ke tabka kuskure: ya ci bashin banki, ya sayi mota, sannan ya fara neman kamfani. Alhali kowane kamfani da sharuɗɗansa game da shekarun mota, tsawon cikinta da tsayin ƙofarta. Wanda ya sayi mota bai tambaya ba ya yi cinikin biri a sama, kuma banki ba ya jiran a samo kaya kafin wata ya ƙare.

Motoci ukku ke riƙe da kasuwar. Sprinter ta Mercedes ta shiga Amurka a 2001. Ram ProMaster, wadda asalinta Fiat Ducato ce, ta biyo a 2013. Ford Transit kuma aka fara ƙera ta can a 2014. Mai karatu da ya saba da darajar Marsandi zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Sprinter mai gazuwal tana da tattalin mai, tana da juriya, amma kayan gyaranta tsada gare su, kuma ba kowane makanike ke iya taɓa ta ba. In ta tsaya a wani ƙauyen Kansas, direba na iya share kwanaki yana jira, ga asiransi da bashi suna tafiya abinsu. Garejin Ford kuwa da wuya a ratsa gari babu shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne awo. Kayan suna zuwa ne bisa katakon da ake kira palet, mai santimita 122 a tsawo, 102 a faɗi. Motar da tsakanin rumfunan tayoyinta na baya bai kai santimita 122 ba, ba kowane palet zai zauna mata yadda ake so ba; a nan ProMaster ta yi fice, don injinta tayoyin gaba yake ja, cikinta ya fi faɗi, daɓenta ya fi kusa da ƙasa. Doguwar mota tana cin palet ukku, gajera biyu, kuma duk kayan da suka kai ukku sun wuce mai gajera ke nan.

Sai nauyi. Motar da nauyinta da kayanta, kamar yadda kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, bai wuce kilo 4.536 ba, dokar tarayya ta ƙayyade awoyin tuƙi ba ta hau kanta ba, kuma permi na kowa da kowa ya isa. Wannan sassauci farashi gare shi. Direban yana kwana cikin motarsa makonni, yana jiran kira a bakin gidajen mai. Gado, batir, abin ɗumama ɗaki saboda sanyin arewa, da shi kansa direban, duk a cikin wannan lissafi suke, kuma kowane kilo nasu ragi ne daga kayan da za a biya shi. Shi ya sa tsofaffin hannu, da zarar sun gama shirya mota, sukan cika tanki su hau sikeli, su ga abin da ya rage kafin su faɗa wa kamfani nawa za su iya ɗauka.